XVI ko Rebirth? Ni dai Rebirth zan ce ka ɗauka

Malam mai tambayar gem ɗin PS5 da zai saya tsakanin Final Fantasy XVI da VII Rebirth, tunda ka ce kuɗin guda ɗaya gare ka kuma rabonka da Final Fantasy tun X a PS2, ɗauki Rebirth kawai ka huta. Duka biyun sun shigo hannuna, XVI ina gama shi na kai na yi musaya, Rebirth kuwa yana nan a ɗakina ko aronsa ba na bayarwa.

Ka san dai dama gem ɗin nan ba ya zama waje ɗaya. Tun na farko da ya fito a Japan a 1987 kowace lamba sabuwar duniya ce da sababbin mutane, kuma kusan duk fitowa sai sun taɓa yadda ake faɗa. A X da ka buga, na 2001, kana iya ajiye fad, wato abin bugawa na hannu, ka je ka yi alwala ka dawo dodo na nan tsaye yana jiranka don layinka ne. A XII na 2006 sai ya zama kai ke tsara wa mutanenka dokoki su riƙa bi da kansu, a XV na 2016 kuma aka koma faɗan kai tsaye da samari huɗu a mota. To canji ba shi ne matsalar ba, mun saba. Amma duk wannan juye-juyen akwai abin da ake bari, wato tawaga, mutanen da kake tafiya da su kana kula da kayansu da ƙarfinsu. Ka tuna a X in tsuntsu ya taso Wakka kake kira, in mai sulke ne Auron, in dodon wuta ne Lulu ta watsa masa ƙanƙara. Wannan lissafin shi ne XVI ya ɗauke, shi kuma Rebirth ya riƙe shi ya ma ƙara masa.

XVI ya fito 22 ga Yunin 2023 a PS5. Mutum ɗaya kake riƙewa, Clive Rosfield, kusan daga farko har ƙarshe. Jill da Cid za su bi ka suna ta nasu faɗan amma ba ka isa ka ce musu uffan ba, ba ka canza musu makami, ba ka zaɓa musu sihiri, Torgal ne kawai, karen nan nasa, yake karɓar umarni kaɗan. Babu MP, wato ma'aunin da sihiri ke ci, kowace fasaha in ka yi amfani da ita sai ka jira ta sake cika. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa dodanni ba su da lago ta ɓangaren wuta ko ƙanƙara ko tsawa, kana iya jifan dodon wuta da wuta ya ji ciwo daidai da yadda zai ji da komai. Takobi ma haka, duk sabon da maƙerin maɓoyarsu ya ƙera maka lambarsa ce kawai ta ɗara ta tsohon, ba wani tunani, ka sa sabo ka wuce. Ba abin mamaki ba ne in ka duba wanda ya tsara faɗan, Ryota Suzuki, daga Capcom ya zo kuma ya yi aiki a Devil May Cry 5, hannunsa kuwa ya fito ɓaro-ɓaro: gociya, sara, haɗa duka a sama, a sake gociya.

Zan ba shi haƙƙinsa dai. Faɗan Eikon, manyan dodannin nan da mutane ke rikiɗewa su zama, irin na Ifrit da Titan ko na Bahamut, ban ga kamarsa a tibi na ba, kiɗan Masayoshi Soken ma ba daga baya ba. Farkon labarin yana da nauyi, musamman maganar Bearers, masu sihirin da aka mayar bayi aka yi musu tambari a kumatu ana aiki da su har jikinsu ya zama dutse. Amma tsakanin babban faɗa da babban faɗa sai a mayar da kai ɗan aike, irin je ka sayo min magi ka dawo ka kai wa wane saƙo, ga mutumin da jiya ya yi dambe da tsauni yau yana yawon nemo wa wani ƙusa da katako. In ya shigo hannunka wata rana, aike-aiken gefe masu alamar tarawa (+) su ne masu amfani, ta nan ake samun chocobo, ƙaton tsuntsun nan na hawa, da ƙarin maganin da za ka iya ɗauka, sauran ka tsallake yawancinsu ba ka yi asara ba. Kuma kar ka kunna shi a falo gaban yara ko su Hajiya, shi ne na farko cikin masu lamba da aka yi wa hatimin manya zalla a Amurka, akwai jini da zagi da wuraren da sai ka yi saurin neman rimot.

Rebirth kuwa ya fito 29 ga Fabrairun 2024, shi ne na tsakiya cikin kashi uku da suke sake gina VII na 1997, wancan mai faifai uku na PS1. Faɗansa ma da sauri ne, kana sara kana gociya, amma duk saran nan cika maka ma'aunin ATB yake yi, da ya cika ka buɗe jerin umarni sai lokaci ya koma tafiyar hawainiya ka zauna ka yi tunani, wa zai yi magani, wa zai jefa tsawa, wa za a bari ya tara. Mutum uku ne a fili kuma kana tsallakawa daga wannan zuwa wancan a tsakiyar faɗa, Barret na harbi daga nesa, Tifa na naushi tana ninka ɓarna in dodo ya jigata, Aerith na kafa da'irarta a ƙasa, Red XIII sai ya tare duka sannan ƙarfinsa ke taruwa, Yuffie kuwa in ta shigo tawaga za ka ga kamar an sa maka wani gem daban. Ga materia, 'yan duwatsun nan da ake cusawa a ramukan makami da abin hannu, ka haɗa wannan da wancan su ba ka abin da ɗaya ba zai ba ka ba. Akwai ta Assess da ke tona maka lagon dodo, ita ce farkon abin da za ka sa wa Cloud, jarumin gem ɗin, kar ka cire ta.

Bari in ba ka misali da macijin fadamar nan, Midgardsormr, wanda ke tare hanya a ƙarshen yankin farko. Wata Asabar muna ɗakina a Samaru da ƙanena da abokai biyu, an kawo wuta da rana abin da ba a saba ba, macijin nan ya yi ta cinye mu, ya haɗiye mutum ɗaya ya ƙone sauran. Fad a hannuna yake amma kowa ya zama koci. Ƙanena ya ce a cire Barret a sa Red, ɗaya ya rantse Aerith ce maganinsa a ba ta ƙanƙara tunda Assess ta nuna nan ne lagonsa, ɗayan da ko PS bai mallaka ba ya karɓi fad ya shiga jerin kaya ya kwashe materia daga jikin waɗanda ke benci ya sake rabawa, yana yi yana mana faɗa wai mun bar dukiya a aljihun 'yan kallo. Shayin da aka dafa har ya huce ba wanda ya waiwaye shi. Da macijin ya faɗi ihun da muka yi sai da maƙwabcina ya leƙo ta taga yana tambaya wa ya ci ƙwallo. Rabona da irin wannan tun gidan gem na zamanin PS2, lokacin da yaro ɗaya ke biyan kuɗi biyar na bayansa suna ba da shawara. Su ɗin nan dai sun zauna kallon XVI a ɗakin, sun yaba hoto sosai, amma abin da mai kallo zai iya ce maka bai wuce goce, goce ba, don babu wata shawarar da za a bayar.

Sannan duniyar tana da faɗi ba wasa, daga Kalm ka bi Junon, Costa del Sol, Corel da Gold Saucer, Gongaga, Cosmo Canyon har Nibel, kusan kowane yanki da irin chocobo ɗinsa, na Junon na hawa bango, na Cosmo na shawagi a iska. Akwai kuma wasan kati a ciki, Queen's Blood, kati 15 kake shiga da su a allo mai layi uku, wallahi akwai daren da na kunna da niyyar ci gaba da labari na ƙare ina bin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya ina cinye su a kati har batirin inbata ya fara kuka. Kai da ka sha wasan ƙwallon nan na blitzball a X za ka gane irin jarabar.

Ba wai ba shi da nasa ba. Ƙananan wasannin sun yi yawa, wasu dole ne sai ka yi kafin labari ya motsa, yaron nan Chadley mai ba ka aikin binciken yankuna kuma ba ya gajiya da kira yana surutu, Gongaga ma ɓata mutum take yi da hanyoyinta. In ka sa shi a yanayin gudu hoton yana ɗan dusashewa a PS5 na farko, ni a yanayin hoto na bar shi. A Costa del Sol akwai kayan wanka na bakin ruwa, nan ma ka san wanda ke zaune kusa da kai. Kuma labarin bai ƙare a cikinsa ba tunda na tsakiya ne, wanda ke son ya ga ƙarshe a faifai ɗaya a nan kam XVI ya fi shi. Batun ko sai ka buga Remake na 2020, wato kashi na farko, tukuna, ya fi daɗi in ka buga, amma akwai taƙaitaccen bidiyo a shafin farko da ke ba ka abin da ya faru a Midgar, birnin da labarin ya fara, kuma ko wanda ya buga Remake ɗin ba a ɗauko masa lebul ɗinsa, kowa daga tushe yake farawa, don haka ba a bar ka a baya ba.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, don a wajen saye ake cutar mutane. Rebirth faifai biyu ne a kwali, ɗaya na lodawa ɗaya na bugawa, kuma sai an loda na farkon sannan na biyun zai yi maka aiki. Wani abokina ya sayi na hannu a wani shago aka miƙo masa kwali an naɗe da leda kamar sabo, sai a gida ya tarar faifai ɗaya ne a ciki, da ya koma mai shagon ya ce ai haka yake zuwa sauran a intanet ake saukewa. Ƙarya ce. Ka buɗe a gabansa, ka ƙirga biyu, ka juya bayansu a haske ka duba karce, in ya ce ba a buɗewa sai an biya ka bar masa kayansa. Ka kuma share wuri a na'urarka tun kafin ka dawo gida don yana cin wajen gig 145, PS5 na farko kuwa abin da ake iya amfani da shi bai kai gig 700 ba.

Masu cewa kawo na'urarka a zuba maka a akawun da araha su ma ka yi hattara. Akawun ɗaya suke sayar wa mutum da yawa, ranar da suka canza fasuwod ko suka ba wani sai ka wayi gari ka ga ɗan kwaɗo a kan gem ɗin, ka kira lamba a kashe, ga datar da ka ƙona wajen saukewa ta tafi. Faifai ko ba komai in ka gama kana iya musaya da ciko. In kuma wani ya ce maka na hannu ne amma da ƙarin labari a ciki ka ƙara kuɗi, tambaye shi a ina ƙarin yake. Na XVI guda biyu ne, Echoes of the Fallen da The Rising Tide, daban ake sayensu ba a kan faifan farko suke ba. Na Yuffie da ke zuwa da Remake Intergrade, wato Remake na PS5, kuma lamba ce a takarda cikin kwali, sau ɗaya take aiki, mai shi na farko ya riga ya cinye ta. Kuma ƙarin sai yankin akawun ɗinka ya dace da yankin faifan, in faifan na Turai ne akawun na Amurka kuɗinka ya tafi a banza.

'Yan gurup masu PS4, ku ma kar wani ya ce zai zuba muku ɗaya daga cikin biyun nan, ba su fito a PS4 ba sam, Remake ne naku. Kai kuma malam ka tabbata taka PS5 ɗin mai cin faifai ce kafin ka fita kasuwa. In zuciyarka ta ƙi kwanciya kan XVI akwai gwajinsa kyauta a shagon PlayStation, farkon labarin ne na wajen awa biyu kuma sebin ɗinka zai bi ka in ka saya daga baya, sai dai ka sani wannan farkon yana cikin wurare mafi daɗi a gem ɗin gaba ɗaya, kar ya ruɗe ka. Kuɗin nan na hannunka dai ka kai su wajen Rebirth, XVI ka jira wani a nan ya gama ka karɓi aro.