Gargaɗi: ku guji masu tallan ƙananan motocin tsere da sunan wai suna da izinin hawa titi a kowace ƙasa

Salam jama'a. Don Allah duk mai sha'awar irin ƙananan motocin nan marasa nauyi masu gudun tsiya, su Ariel Atom, Caterham Seven, Lotus Elise, KTM X-Bow da makamantansu, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. Ƙanina da ke zaune a Amurka aka damfara, kuma wallahi har yanzu abin na ci min rai saboda na ga tallan tun farko ban tsaya na bincika masa ba, sai da kuɗin suka tafi sannan na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun ranar farko.

Ga yadda abin ya faru. Ya ga talla a Facebook, wani mutum wai dillali ne a Ingila, ya sa hotunan wata mota mai kujera biyu ba rufi, da lambar Ingila a jikinta, an ɗauke ta a kan titi a gaban wani gida. A ƙasa ya rubuta wai motar tana da cikakkun takardu kuma ana iya hawa titi da ita a ko'ina a duniya, shi zai yi komai har ƙofar gida. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa amma ba ƙasa sosai ba yadda za ka yi zargi, nan ne wayonsu yake. Yaron nan shekara da shekaru yana tara kuɗi don irin wannan motar, ya kira ni da murna yana cewa Yaya na samu, Yaya na samu. Aka turo masa hoton takardar rajistar mota ta Ingila da ake kira V5C, aka turo bidiyon injin yana aiki, aka ce akwai wani mai saye daga Jamus da zai biya gobe, in yana so ya ba da kafin alƙalami yau. Ya tura ta banki. Bayan sati biyu aka ce mota ta shiga kwantena amma sai an biya kuɗin wata takardar amincewa ta ƙasa da ƙasa kafin jirgi ya tashi, ya sake turawa. Karo na uku da aka ce kwastan sun riƙe sai an biya ta kirifto, nan jikinsa ya yi sanyi, ya ce a ba shi lambar kwantena da sunan jirgi, daga ranar aka toshe shi.

To abin da nake so kowa ya riƙe shi ne babu wata takarda a duniyar nan da ke ba mota izinin hawa titi a kowace ƙasa. Babu ita. Kowace ƙasa da dokarta, wani lokacin ma a cikin ƙasa ɗaya jiha da jiha sun bambanta. Duk wanda ya ce maka motarsa ta halatta ko'ina, ko dai bai san abin da yake faɗa ba ko kuma kuɗinka yake so, ganin Dala ba shiga birni ba ne, lambar Ingila a jikin mota a Ingila kawai take aiki a matsayin rajista.

Ita Ingila dama tana da sauƙi a kan irin waɗannan motocin, shi ya sa yawancinsu can ake ƙera su. Suna da wani gwaji da ake kira IVA wanda ya maye gurbin SVA a 2009, hukumar gwajin motoci ta DVSA ke yi, ana duba mota ɗaya tak, fitilu, burki, madubi, ƙarar salansa, hayaƙi, har da ko akwai wani ƙarfe mai kaifi a jiki da zai yanki mutum. In ta ci sai hukumar rajistar motoci ta DVLA ta ba ta lamba. Amma wannan amincewar ta wannan motar ce a wannan ƙasar, ba a buga ta da bango an ga yadda za ta kare mutum a haɗari ba. Ita ma takardar V5C da suke yawan turowa, a jikinta an rubuta ƙarara cewa ba shaidar mallaka ba ce, sunan mai riƙe da motar kawai take nunawa, balle kuma hotonta da kowa zai iya gyarawa a kwamfuta.

Amurka kuwa nan ne mutane suka fi faɗawa rami, kuma nan ƙanina yake. Dokarsu tun 1988 ita ce motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar tsaron Amurka ba, ba za ka shigo da ita ka hau titi ba sai ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake ƙirgawa ba daga shekarar da aka rubuta a talla ba. Wannan ɓangaren hukumar tsaron hanya ta NHTSA ne, akwai fom ɗin HS-7 da ake cikewa. Ɓangaren hayaƙi kuma na hukumar kare muhalli ta EPA ne, su nasu shekara 21 ne in injin na asali ne ba a canza ba, da nasu fom ɗin 3520-1. In motar ba ta kai shekarun ba sai dai ta hannun kamfanin da gwamnati ta yi wa rajistar gyara irin waɗannan motoci, a ajiye jinginar kashi 150 cikin ɗari na darajar motar, kuma sai in samfurin yana cikin waɗanda aka amince za a iya gyarawa, motar da ba ta da jakar iska ba ta da bamba wani lokacin ko gilashin gaba babu, ina za a fara? In ta iso tashar jirgin ruwa ba ta cika sharaɗi ba abu biyu ne, ko ka mayar da ita da kuɗinka ko a murƙushe ta. Ba tsoratarwa ba ce, a 2013 kwastan ɗin Amurka sun murƙushe wata Land Rover Defender a Baltimore saboda an canza mata lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin mota, don ta zama kamar tsohuwa, har bidiyo suka fitar. Wato ko da a ce motar da aka nuna wa ƙanina gaskiya ce akwai ta, da ba zai taɓa hawanta ba, don ba ta kai shekara goma ba ma.

Kuma ku lura da yadda kamfanonin da kansu suke yi, wannan kaɗai ya isa hujja. Lotus sun sayar da Elise a Amurka tun daga samfurin 2005, amma a kan wani sassaucin doka na wucin gadi da aka yi musu, da wa'adinsa ya ƙare a 2011 suka daina sayar da ta titi a can. KTM X-Bow da ake ƙerawa a Ostiriya tana hawa titi a Turai, amma a Amurka don filin tsere kawai aka sayar da ita. Caterham a can ba a sayar maka da ita a matsayin cikakkiyar mota, jiki daban inji daban, sai a haɗa a yi mata rajista a matsayin motar haɗi bisa dokar jihar da kake, Kalifoniya ma irin wannan rajistar ta SB100 guda 500 kawai take bayarwa a shekara. To kamfanin da ya ƙera motar da lauyoyinsa bai iya ba, sai wani mai shafi a Facebook ne zai iya da takarda ɗaya?

Akwai kalmomin da suke fakewa da su, ku san su. In ka matsa sai su ce ai za a shigo da ita ta tsarin nuni, wanda ake kira Show or Display. Tsarin gaskiya ne akwai shi tun 1999, amma na motoci ne masu muhimmancin tarihi ko fasaha, sai NHTSA ta amince tukuna, kuma ba za ka wuce mil 2,500 a shekara ba. Ko su ce a shigo da ita a matsayin motar tsere daga baya a yi mata lamba, wannan ƙarya ce, wadda aka shigo da ita don tsere ba ta da izinin titi. Ko su turo maka hoton irinta da baƙuwar lamba a titin Amurka, alhali baƙo mai ziyara yana iya shigowa da motarsa har shekara ɗaya amma ba zai sayar ba kuma dole ya fita da ita. Har ma in wata jiha ta ba mota takardar mallaka, hakan bai wanke ta a wurin gwamnatin tarayya ba, ana iya zuwa har gida a ɗauke.

Sauran ƙasashe ma kowa da nasa. Kanada shekara 15 ne nasu. Ostireliya sai ka samu izinin shigowa kafin ma a loda motar a jirgi. A Tarayyar Turai abin da ke sauƙaƙa rajista shi ne takardar CoC, wato shaidar cewa motar ta cika ƙa'idar Turai, daga kamfanin da ya ƙera, in babu ita sai gwajin mota ɗaya na ƙasar da kake, a Jamus wurin masu gwajin mota irin su TÜV, kuma IVA ta Ingila ba ta tilasta musu karɓa. Wasu ƙasashen ma in sitiyarin yana dama ba sa yi mata rajista sam.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da minti goma za mu gano shi. Lambar motar tana nan ɓaro-ɓaro a hoton, shafin gwamnatin Birtaniya kyauta yake nuna kalar mota, shekarar rajista da tarihin gwajin lafiyar mota na MOT in ka sa lamba. Da na sa daga baya sai ga shi lambar ta wata mota ce daban mai wata kala. Hotunan kuma da na bincika a Google na same su a wani tsohon gwanjo da aka gama tuntuni. Don haka ka nemi lambar VIN cikakkiya guda 17, ka rubuta wa kamfanin da ya ƙera su gaya maka ko ta titi ce ko ta fili, don samfuri ɗaya yakan fito iri biyu kamar Lotus 3-Eleven. Ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye a jikin motar ya nuna lambar da ke jikin ƙarfen, ka samo mai dubawa naka ba nasa ba, kuma ka tambayi hukumar rajista ta inda kake a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami ba bayan ka bayar ba. Kamfanin riƙon amanar kuɗi da mai sayarwa ya turo maka adireshinsa kada ka yarda da shi, na ƙanina shafin bogi ne su suka buɗe abinsu.

Mun kai rahoto banki da 'yan sanda, bankin sun ce kuɗin sun riga sun fita daga asusun da aka tura. Shekaranjiya kuma na sake ganin hotunan nan dai, gida ɗaya mota ɗaya, an canza sunan shafi an canza lambar waya, wannan karon wai motar tana Holan. Na danna rahoto, in kun ci karo da shi don Allah ku ma ku danna.