Python ko JavaScript, wanne za ka fara kamawa?

Ƙanena da ka yi tambaya jiya, ka ce ka samu bak kana son koyon kod amma ka rasa na ɗauka tsakanin Python da JavaScript, harsunan rubuta shirin ordinatar guda biyu, kuma ordinatar ɗin da ke hannunka tsohuwa ce ta yayanka. To ni dai Python zan ce maka, amma bari ka ji dalili.

Python Guido van Rossum ne ya fito da shi a 1991, kuma da gangan ya yi shi mai sauƙin karantawa. Ka rubuta print("Sannu Damagaram") ka danna, shi ke nan ta fito. JavaScript kuwa Brendan Eich ya yi shi a 1995 a kamfanin Netscape, kuma yana zaune cikin Chrome ko Firefox ɗinka yanzu haka, ka danna maɓallin F12 kawai, wurin rubuta kod (Console) na nan ciki, ka fara gwaji ba ka kashe ko mega ɗaya ba, wanda ya san tsadar forfe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai shi ba ya tafiya shi kaɗai, sai ka haɗa da HTML mai gina ƙashin shafin intanet da CSS mai yi masa ado kafin ka ga shafi na kirki, abu uku ke nan a kan sabon shiga.

Inda suka rabu sosai a wurina wajen kuskure ne. Ka rubuta "2" + 2 a JavaScript, zai ba ka "22" ya yi shiru abinsa, kai kuma ka kwana kana neman inda lissafi ya karkace. Python tsayawa zai yi cak ya nuna maka layin ya ce ba a haɗa rubutu da lamba. Haka ma tazarar farkon layi, in ka goce ba zai tashi ba, da farko zai ba ka haushi wallahi amma shi ke koya maka tsabtar aiki, kamar malamin allo mai sa ka wanke ka sake.

In burinka ka yi wa ƴan kasuwar Dole shafin tallan kaya, kama JavaScript kai tsaye. In kuwa lissafi ne, tattara bayanai irin na ƙungiyoyi, ko ƙirƙirarriyar basira, Python ne gidan.

Tsohuwar ordinatar ta ishe ka duka biyun. Ranar da kuran ya ɗauke ma akwai Pydroid 3, manhajar rubuta Python a wayar Android, yana aiki ko babu rezo, kuma darussan Python na Faransanci suna nan a shafin koyo na intanet OpenClassrooms. Ka fara da ɗan shirin da zai tara cinikin shago na yini da sefa ya cire uwar kuɗi, in ya maƙale ka turo hoton kuskuren mu duba tare.