Salforafen: daga burokoli ko daga kafso?

Wata 'yar'uwa ta tambaya: tunda ana ta yabon sinadarin salforafen da ake samu a dangin kabeji, wanne ya fi, cin ganyen ko sayen kafson da ake sayarwa, kuma akwai illa?

'Yar'uwa, abin da zai warware miki batun shi ne burokoli, wani ɗan dangin kabeji, ba ya ɗauke da salforafen a shirye. Abu biyu ne a cikinsa, kowanne a ɗakinsa: sinadarin gulukorafanin da inzayim ɗin mairosinez (inzayim furotin ne mai juya wani sinadari ya koma wani). Sai an yanka ko an tauna suke haɗuwa, salforafen ya fito. Paul Talalay da Yuesheng Zhang ne suka ware shi daga burokoli a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1992. Aikinsa a jiki shi ne tada furotin Nrf2, wanda ke sa hanta da sauran gaɓoɓi su ƙara fitar da inzayim masu kawar da guba.

Ta fuskar abinci, girki ne ke yanke hukunci. Zafi mai yawa yana kashe mairosinez, tafasa kuma tana wanke gulukorafanin zuwa cikin ruwan da za a zubar. Wani bincike na 2008 ya gano jiki na cin moriyar kusan kashi 37 cikin ɗari na salforafen daga ɗanyen burokoli, daga dafaffe kuwa kashi 3 da 'yan kai. Don haka ki yanka shi ƙanana, ki bar shi ya huta kamar minti 40, sannan ki turara minti 1 zuwa 3. Ki sauke yana kore shar, yana ƙaras-ƙaras a baki. Idan ya yi laushi ya koma ruwan toka-toka, an wuce gona da iri. Wanda ake sayarwa a daskare an riga an tsoma shi a tafasasshen ruwa tun a masana'anta, inzayim ɗinsa ya mutu. Maganin wannan, da na wanda ya dahu luguf, shi ne a barbaɗa garin ƙwayar mastad kamar giram 1 bayan an sauke, domin mastad na da nasa mairosinez. Tsiron burokoli na kwana uku kuwa gulukorafanin ɗinsa ya ninka na babban burokoli sau 10 zuwa 100. Kabejin da aka saba ci yana da nasa sinadarai masu amfani, amma a wannan fanni bai kama ƙafar burokoli ba.

Kafso fa? Amfaninsa shi ne awo: an rubuta adadi a jikin kwalba. Sai dai salforafen ba ya jure ajiya, zafi da danshi suna lalata shi, shi ya sa yawancin kafso gulukorafanin ne kawai. Idan ba a haɗa da mairosinez ba, aikin ya koma kan ƙwayoyin cutar hanji masu amfani, su kuwa kusan kashi 10 suke juyawa a matsakaici, wani ya fi haka, wani kusan babu. Ki duba rubutun kwalbar: in ba a ambaci mairosinez ba, miligiram ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba shi ne zai kai jininki ba. A Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ba ta tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa.

Amfanin da aka tabbatar a jikin ɗan Adam bai kai yawan tallan ba. A Qidong ta ƙasar Sin, a wani bincike da aka wallafa a 2014, mutum 291 sun shiga gwajin abin sha na tsiron burokoli na mako 12, masu shansa suka ƙara fitar da gubar benzin ta fitsari da kashi 61. A 2017 gwaji a Suwidin kan masu ciwon suga nau'i na biyu ya nuna raguwar suga kaɗan, musamman ga masu ƙiba. Batun cutar kansa mafi yawansa a ɗakin gwaji ne da jikin ɓeraye, kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Illa kowanne da tasa. Kafso kan jawo kumburin ciki, tusa da gudawa, ba a kuma gwada shi sosai a masu ciki da masu shayarwa ba, gara su bar shi. Ɗanyen tsiro haɗarinsa ƙwayoyin cuta na Salmonella da E. coli ne, domin ɗumi da danshin da iri ke so su ma shi suke so. A 2011 tsiron hulba mai ɗauke da E. coli ya kashe sama da mutum 50, akasarinsu a Jamus. Masu ciki, yara da tsofaffi su ci shi a dafe. Mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, ya daidaita yawan ganyen da yake ci kullum saboda bitamin K. Dangin kabeji ɗanye da yawan gaske na iya hana jiki amfani da aidin, mai maƙoƙo ya lura, amma cin yau da kullum bai kai nan ba.

Ga mai lafiya, burokoli da aka yanka aka turara sama-sama sau uku ko huɗu a mako ya fi mini kafso. Mai shan wani magani da ya nace sai kafso, ya zaɓi mai mairosinez, ya nuna wa likitansa kwalbar tukuna.