Gidan shirya jana'iza da ke kusa da garinmu a Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka mutum ba shi da wani zaɓi sosai idan aka yi rasuwa. Gidan shirya jana'iza ɗaya ne kusa da mu, wata mata ce ta gaji sana'ar daga mahaifinta, kuma can muka nufa da wani dattijo cikin jama'ar masallacinmu ya rasu a asibiti, Allah ya jiƙansa.

Yawancin aikinsu ƙona gawa ne. Ba abin mamaki ba ne, domin tun wajen 2016 mamatan da ake ƙonawa a ƙasar suka haura rabi. Hotunan da ke kan teburinta duk na tukwanen zuba toka ne, shi ya sa na shiga da fargaba. Da muka ce mu binnewa muke yi, kuma da gaggawa, ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne takardar farashi. Tun 1984 dokar FTC, hukumar gwamnatin Amurka mai kare haƙƙin masu saye, ta wajabta wa irin waɗannan gidaje su miƙa wa mutum farashin kowane aiki a rubuce, ya zaɓi wanda yake so. Ita kuwa ta miƙo kafin mu tambaya. Muka soke allurar hana gawa ruɓewa, ta ce ba komai, ɗakin sanyi ya isa. Akwatin katako mara ado muka ɗauka, ba ta ja mu wajen masu tsada ba. Ta kuma faɗa mana cewa ko a wani wuri muka sayo, ba ta da ikon ƙara mana kuɗi.

Wajen wanka ne suka gama da ni. Sun ba mu ɗaki mai tebur da magudanar ruwa, ga ruwan ɗumi, ga safar hannu, suka fita suka ja ƙofa. Ba wanda ya leƙo har muka sa likkafani. Likita ya yi jinkirin sa hannu a takardar shaidar mutuwa, ita da kanta ta yi ta kiran asibiti har aka samu izinin binnewa.

Inda na ji ba daɗi: maƙabartar ta sharɗanta akwatin siminti da ake sakawa cikin kabari don kada ƙasa ta lotsa, ga kuɗin haƙa daban. Matar ta san da haka, amma sai can daga baya muka ji, bayan iyalan sun riga sun yi lissafinsu. Mai makoki bai kamata a tare shi da sabon kuɗi ba.

Duk da haka zan tura 'yan'uwa wurinta. Sai dai ku je tun ana lafiya, ku karɓi takardar farashin, ku tambayi maƙabarta nata kuɗin da ko akwai kaburbura masu kallon alƙibla.