Dogon hutu: yawon birni ko gona da madafi?

Ɗalibin da ya samu dogon hutu, aljihu kuma ba nauyi, yakan rasa wanne zai ɗauka: ya zaga birni yana kallo, ko ya bi gonaki ya dawo gida ya ɗora tukunya.

Yawon birni daɗinsa a ido yake. Gidan tarihi, tsofaffin gine-gine, babban ɗakin karatu, duk a wuni guda. Sai dai kuɗin mota da na shiga suna cin aljihu, kuma gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin. Bayan kwana uku ƙafa ta gaji, hotuna sun cika waya.

Gona kuwa ba ta san gaggawa ba. A can zai ga kaza ta kwanta kan ƙwai kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe, ya ga ana tatsar saniya safe da yamma. Zai kuma gane abin da ya sa tumatirin da ya nuna a jikin uwarsa ya fi na kanti ɗanɗano: na kanti da sauran ɗanyensa ake tsinke shi don ya jure tafiya. Ɗanyar masara ma da an karya ta zaƙinta yake fara raguwa, shi ya sa ake dafa ta ran nan. Girkin farko dai, kowa ya sani, ko gishiri ya zarce ko gindin tukunya ya kama.

Ni kam kwana biyu zan ba birni, sauran makonnin na gona da madafi ne.