Shagon tsofaffin littattafai da hotunan Burma a Landan: abin da ya dace mai saye ya sani

A Cecil Court, wani ɗan lungu da ke tsakiyar Landan wanda ya yi suna wajen cinikin tsofaffin littattafai da taswirori, da kuma titunan da ke kewaye da shi, akwai dillalan da suka ƙware a kan kayan kudancin Asiya. Ɗaya daga cikinsu, wanda na yi hulɗa da shi ta intanet da kuma gaba da gaba, ya ware sashe guda ga ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, kuma wannan sashe ne nake son in auna.

Ƙarfin shagon yana wajen littattafan ƙarni na 19. Akwai labarin tafiyar Michael Symes, wanda Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila ya aika fadar Ava, wato fadar sarkin Burma, a 1795, aka buga littafinsa a 1800, sannan akwai babban littafin Henry Yule na 1858 a kan tawagar da Arthur Phayre ya jagoranta zuwa wurin Sarki Mindon a Amarapura a 1855. Abin da ke yanke farashin irin waɗannan littattafai shi ne cikarsu, domin an daɗe ana yage zane-zane da taswirori masu naɗi daga cikinsu ana sayarwa daban, kuma littafin da aka raba da taswirarsa ya rasa babban kaso na darajarsa. A nan dillalin ya cancanci yabo. Bayaninsa yana faɗin adadin zanen da ya kamata a samu da wanda ake da shi, yana ambaton ɗigon tsatsa da laima ta bari a shafuka, kuma idan an sake ɗinke littafi aka yi masa sabon bango, ba ya kiransa da bangon asali. Da na nuna cewa karatu nake so ba ajiya ba, shi da kansa ya ba ni shawarar in nemi sabon bugun littafin Yule da madaba'ar Oxford ta fitar a Kuala Lumpur a 1968, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na bugun farko ba.

Hotuna kuwa sun fi buƙatar natsuwa. Mai neman hotunan Linnaeus Tripe, jami'in sojan da ya bi tawagar 1855 da na'urarsa, ya sani cewa da wuya su shigo kasuwa: daga cikin sama da 200 da ya ɗauka an zaɓi 120, aka wanke saiti 50 kacal, kuma kyawawan da suka rage suna hannun cibiyoyi irin su Laburaren Birtaniya da gidan tarihi na Victoria da Albert. Ko da an same su, ba fuskokin mutane za a gani ba. Tripe ya yi aiki da nagetif na takarda mai buƙatar dogon lokaci kafin hoto ya kama, don haka wuraren ibadar Buda na tsohon birnin Pagan da titunan Amarapura suka fito kusan fayau, duk mai tafiya ya ɓace. Abin da shagon yake da shi da yawa shi ne hotunan da suka biyo bayan yaƙin 1885, lokacin da Ingila ta ci Mandalay ta kori Sarki Thibaw zuwa Ratnagiri a Indiya. Daga wannan zamani ne ake samun aikin Felice Beato, wanda ya buɗe ɗakin hoto da shagon kayan tsaraba a Mandalay, da na Bajamushe Philip Klier a Rangoon, da katunan gidan waya masu launi na D. A. Ahuja. Yawancin na farkon an wanke su ne a kan siririyar takarda da aka shafe da farin ƙwai, shi ya sa suke komawa ruwan ƙasa-ƙasa, gefensu yana dusashewa. Dillalin yana rarrabe wanda aka wanke a zamanin mai hoton da wanda aka sake wankewa daga baya, yana kuma aiko da hoton bayan takardar idan an nema, inda hatimi ko rubutun fensir yake. Hotunan fadar Mandalay suna da tsada fiye da sauran, kuma da dalili, tunda gine-ginenta na katako sun ƙone a watan Maris na 1945.

Inda ban gamsu ba shi ne yadda ake bayyana mutanen da ke cikin hotunan. Kundin kayan yana kwafo rubutun da ɗakunan hoto na mulkin mallaka suka sa, irin su kyakkyawar Burma ko 'yar rawa ko ɗan fashi da aka kama, ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ba. Alhali da yawa daga cikinsu shirya su aka yi a ɗaki domin sayar wa sojoji da matafiya Turawa, har mai lura zai ga labule ɗaya da tabarma ɗaya suna maimaituwa a bayan mata daban-daban, kowace da doguwar sigarinta. Waɗanda Turawa suka kira 'yan fashi a 1886 kuwa, da dama cikinsu masu tirjiya ne ga mamayar ƙasarsu. A wannan yaƙin kwantar da tarzoma ne Frederick Lugard ya yi aiki tun yana ƙaramin hafsa, shekaru kafin ya iso ƙasar Hausa, don haka mai karatu daga Kano ko Sakkwato ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan laƙabi ba. Dillalin da ya san bambancin takarda da takarda bai kamata ya gaza rubuta layi ɗaya da zai ce hoton shiri ne ba. Haka nan rubuce-rubucen hannu na ganyen kaba da littattafan naɗi da Burmawa ke kira parabaik an jera su ba a faɗi ta wace hanya suka baro ƙasarsu ba, kuma amsar da na samu a kan wannan ba ta wuce cewa daga gwanjo aka saye su ba.

Ɗaurin kaya ba shi da aibi: hoto a cikin leda marar lahani ga takarda, tsakanin kwali biyu masu tauri, da inshora. Sai dai kuɗin aikowa Najeriya, idan aka haɗa da canjin fam da na kwastan, yana iya haura kuɗin katin da aka saya, saboda haka gara a tara kaya a aiko a tashi ɗaya. Ana karɓar kaya idan an mayar cikin wa'adi, amma mai saye ne ke biyan kuɗin komawa. Wanda kuma yake neman hotunan sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Burma, ba zai same su a nan ba, domin kayan shagon sun tsaya ne kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Gidan Tarihin Yaƙi na Landan ne wurin da zai dosa.