Riyal dubu 40 da tikitin gwamna: talabijin za ka saya, ko rediyo, ko waƙa?

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da Isha'i, muna zaune a bayan shagon wani dattijonmu a Bab Sharif da ke Jidda, an kawo shayi, sai ya turo mini wayarsa. Bidiyo ne na minti ɗaya: ɗan ƙaninsa cikin babbar riga, yana gaisawa da manoma, yana shafa kan yara, kiɗa na tashi a ƙasa. Yaron yana neman tikitin gwamna a jiharsu, shi kuwa dattijon da 'ya'yansa biyu sun ware riyal dubu 40 su taimaka. Ya ce, "Malam, kai ka yi aiki a sashen talla kafin ka zo ƙasar nan. Wace tasha zan kai wannan?"

Na ce, "Baba Alhaji, mu ajiye tasha tukuna. Su wa za su kaɗa ƙuri'ar?"

Ya yi shiru. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya taɓa kawo mini irin wannan magana a nan ko a Shari' Mansur a Makka, a nan yake tsayawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa.

A zaɓen 2023, dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku ta fid da gwani: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a; zaɓen daliget; da kuma maslaha. A 2022 yawancin tikitin gwamna a Arewa ta hannun daliget suka fito, kuma a wancan karon zaɓaɓɓun daliget kaɗai doka ta yarda su yi zaɓe. APC ta ɗauki mutum biyar daga kowace mazaɓa, PDP uku. Yi lissafi da Kano: mazaɓu 484, sau biyar, mutum 2,420 ke nan, a jihar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 5.9. Nasiru Gawuna ya ɗauki tikitin APC da ƙuri'a 2,289. A Kaduna Uba Sani ya samu 1,149. A Katsina, inda aka gwabza da gaske, Dikko Raɗɗa ya samu 506, Mustapha Inuwa 442. Tazarar mutum 64 ce, waɗanda bas uku za su kwashe.

To, wanda ya sayi lokaci a talabijin don irin wannan zaɓe ya biya kuɗin shiga gidajen dubban ɗaruruwan mutane ne, alhali waɗanda yake nema ba su cika ɗakin taro ɗaya ba, kuma sunansu da lambar wayarsu suna ofishin jam'iyya. 'Yar tinƙe kuwa wata magana ce. A Legas a 2018, Babajide Sanwo-Olu ya kayar da gwamna mai ci, Akinwunmi Ambode, da ƙuri'a sama da dubu 970, shi kuwa Ambode dubu 72 da ɗoriya. Idan masu zaɓe suka kai haka, ba wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya, dole a nemi kafar da ke kai magana ga jama'a. Doka da tsarin jam'iyyu suna sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe, don haka kada ka biya ko riyal ɗaya sai ka ga sanarwar jam'iyya a rubuce kan hanyar da za a bi a wannan karon.

Me talabijin ke sayar maka a zahiri? Gwaji mafi tsafta da na sani a kan wannan a jihar Teksas ta Amurka aka yi shi, a watan Janairun 2006, lokacin da gwamna Rick Perry ke neman tazarce, ana saura 'yan makonni zaɓen fid da gwani na watan Maris. Kwamitin yaƙin zaɓensa ya yarda wasu malaman jami'a huɗu, Alan Gerber da James Gimpel da Donald Green da Daron Shaw, su raba tallar kusan dala miliyan 2 ta hanyar ƙuri'a: yankunan talabijin 18 da gidajen rediyo sama da 80, wani yanki a fara yau, wani sai mako mai zuwa, wani a sa da yawa, wani kaɗan. Kullum ana buga wa kimanin masu zaɓe 1,000 waya ana jin ra'ayinsu. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna talla tana aiki: inda aka sa ta da yawa, goyon bayan Perry ya ɗaga da wajen maki biyar. Amma da an daina sawa, kafin mako ɗaya zuwa biyu abin ya koma inda yake.

Wato kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Talabijin haya ce ta kwanaki kaɗan a zuciyar mai kallo, ba gini ba ce. Idan ka sa tallarka watanni uku kafin zaɓe, sau ɗaya kullum, ka yi wa tasha sadaka. Idan za ka saya, ka tara ta wuri guda, kwana bakwai zuwa goma na ƙarshe, a riƙa maimaitawa har mutum ya haddace. Kuma ka tuna a Amurka miliyoyin talakawa ne ke zaɓen fid da gwani, shi ya sa talabijin ke da kasuwa. Ko a can ma ba ta sayen komai da komai: Meg Whitman ta zuba sama da dala miliyan 140 daga aljihunta a takarar gwamnan Kalifoniya ta 2010, ta ci fid da gwani a watan Yuni, Jerry Brown ya kayar da ita a Nuwamba.

Akwai wani abu da ke ruɗar mu mazauna Saudiyya musamman. Wuta ba ta ɗaukewa a nan. Mutum ya dawo daga shago, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya kalli tashoshin Hausa a tauraron ɗan adam ko a YouTube har ƙarfe ɗaya na dare, sai ya ɗauka haka kowa yake a gida. Shugaban jam'iyya na mazaɓa a ƙauye kuwa yana iya yin mako bai ga talabijin a kunne ba, in ya shiga gidan kallo ma ƙwallo aka sa. Tallar da kai za ka gani a Jidda ka ji daɗi, ka tura wa 'yan uwa, kai ta burge, kai kuwa ba ka da ƙuri'a, tunda har yanzu ɗan Najeriya da ke waje ba ya zaɓe. (Kada kuma a manta agogonmu yana gaba da na gida da awa biyu. Na taɓa ganin wanda ya kira tasha yana faɗa wai ba a sa tallarsa ƙarfe tara ba, ashe tara ɗin Jidda yake kallo.)

Su ma tashoshin ba ɗaya suke ba. Manyan na ƙasa irin su Channels da AIT da Arise da Trust TV sun fi tsada, kuma yawancin masu kallon da kake biya wa suna Legas da Abuja da Fatakwal. Amfaninsu ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: manyan jam'iyya a Abuja suna kallo, kuma idan ana maganar maslaha, ɗan takarar da aka saba gani yana da kujera a teburin. Don wannan, hira ta minti 20 ta fi talla goma. Tashoshin jiha irin ARTV a Kano, da rassan NTA na jihohi, sun fi araha, masu kallonsu kuma 'yan jiha ne. Dokar 2022 ta hana a yi amfani da kafofin gwamnati don fifita wani ɗan takara, amma duk wanda ya yi wannan sana'a ya san idan naka ba shi gwamna ke so ba, kana iya jin an ce lokaci ya cika. Tashoshin Hausa na tauraron ɗan adam irin Arewa24, da ta fara aiki a 2014, suna shiga har Nijar da Ghana da Sudan da nan inda muke. Suna da kyau ga mai sayar da sabulu. Ga mai neman jiha ɗaya cikin 36, yawancin kuɗin a waje yake zuba.

Rediyo fa? A gwajin Teksas bai nuna tasirin a zo a gani ba, gaskiya ke nan. Amma Teksas ba Kano ba ce. Tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 aka samu tashoshi masu zaman kansu birjik, siyasar Kano da maƙwabtanta ta koma cikin akwatin rediyo, har aka samu sana'ar sojojin baka. Daliget ɗin da ba ya kallon talabijin ba ya kwana bai ji shirin siyasa na dare ba, don a nan yake sanin ina iska ta dosa, wa ya sauya sheƙa, wa aka ce ya janye. Kuɗin da zai saya maka 'yan mintuna a talabijin zai riƙe maka makonni a rediyo, kuma shirya muryar ba ya buƙatar kyamara da fitilu. A nan kana da zaɓi biyu: gajeriyar talla mai maimaituwa, ko sayen fili na minti 15 ko 30 ɗan takara ya yi magana da bakinsa, a buɗe waya jama'a su yi tambaya. Ni na fi son na biyun, in dai mutumin ya iya magana. In bai iya ba, kada ka tona masa asiri. Sojan baka kuwa ka yi hattara da shi: wanda ya yabe ka yau don ka ba shi, gobe wani zai fi ka bayarwa, kuma zagin da ya yi da sunanka kai za a riƙe da shi.

Waƙa ita ce kaɗai a cikin kayan nan da ke tafiya da ƙafarta. Ka biya sau ɗaya, in ta karɓu sai ka ji ta a Adaidaita Sahu, a wurin biki, a wayar mai cajin waya. Rauninta shi ne ba ka da tabbas: goma ake yi ɗaya ta kama. Kuma tana son lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga wanda ba a san sunansa ba, wannan ce ta farko, watanni kafin zaɓe. Ka yi yarjejeniya a rubuce cewa sautin naka ne, kana iya yanka shi ka sa a rediyo.

Facebook na da arha, kuma yana barin ka zaɓi jiha da shekarun waɗanda za su gani, sai dai tallar siyasa a can tana buƙatar tantance mai biya, abin da ya fi sauƙi a yi daga gida. Matasa za ka samu, ba dattawan mazaɓa ba. Ga zaɓen daliget, abin da ya fi duk waɗannan shi ne mafi rashin ado: saƙon murya a WhatsApp daga bakin ɗan takara, da kiran waya ana ambatar sunan mutum da garinsu, da man motar da zai kai shi ƙananan hukumomi ya zauna a tabarma. Ba na nufin ambulan. Sayen daliget laifi ne a doka, kuma wanda ya karɓi naka ya karɓi na sauran.

Kafin kuɗi su bar hannunka akwai abubuwan da na ja wa Baba Alhaji kunne a kai. Sashe na 225 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasar waje, sai ta miƙa wa INEC cikin kwana 21, don haka kada ka tura asusun jam'iyya, kuma a bar lauyan ɗan takara ya faɗi yadda gudummawar za ta shiga. A zaɓen 2023, dokar 2022 ta ƙayyade naira miliyan 50 ga abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara, da naira biliyan 1 ga abin da mai takarar gwamna zai kashe. Hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya tana tantance tallar siyasa kafin a sa, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma tana sa ido kan tashar da ta karya ƙa'ida, saboda haka a ba takardu lokaci. Sannan nan ƙasar: tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne, taron siyasa ma haka. Kuɗin gidanku daban, bin shaguna da littafi ana karɓa daban. Igamarka, wato takardar izinin zamanka a Saudiyya, ta fi tikitin kowa.

Sai dillalai. Wani abokina ya taɓa tura kuɗin talla 30 ta hannun wani da ya ce yana da hanya a wata tasha. Da muka sa yaro ya zauna yana ƙirgawa, 11 aka sa, huɗu a ciki bayan sha biyun dare. Sayen kifi a ruwa ke nan. Ka nemi takardar farashi daga sashen kasuwanci na tashar, a rubuta rana da lokaci, ka biya asusun tashar, ka riƙe wani kaso sai sun ba ka takardar shaidar an sa. Ragi kuwa ana yi, musamman ga mai sayen da yawa, kada ka ji kunyar tayawa kamar yadda kake yi a kasuwar Balad ta Jidda.

Washegari Baba Alhaji ya kira gida, aka ce masa alamu sun nuna daliget za a yi, amma ba a fitar da sanarwa ba. Sai muka raba riyal dubu 40 ɗin haka: dubu 14 ga fili a gidajen rediyo biyu da ake ji a yankunan da yaron ba shi da ƙarfi, dubu 12 ga zagayen ƙananan hukumomi da kiran waya, dubu 6 ga waƙa, dubu 8 kuma a ajiye. Idan aka ce 'yar tinƙe, dubu takwas ɗin su tafi tashar jiha a makon ƙarshe, bayan labaran dare. Idan daliget ne, a ƙara wa rediyo.

Ya ɗauki wayarsa ya sake kallon bidiyon har ƙarshe. Ya ce, "To wannan fa, da aka kashe kuɗi aka yi?"

Na ce, "A yanke shi ya koma daƙiƙa 30, a cire wurin shafa kan yaran, a tura wa daliget a waya."